Zakari Mai Rowar Lada

Idan kana kwance ba lafiya a garinmu aka ce maka Malam Zakariyya ya zo dubiya, to ko ba ka da ƙarfin tashi sai ka tashi zaune. Ba wai mugun mutum ba ne. Shi ne mai tanadin itacen kabari, kuma yana da wani kallo da yake yi wa mutum daga wannan kafaɗa zuwa waccan, irin na tela in ya ga yadi. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ya shigo ya zauna, ya ce sannu, sannan ya yi mini wannan kallo. Na ce ya tashi ya fita, ban shirya ba tukuna. Ya ce shi ma bai shirya ba, don mai faɗi irina sai an nemo reshe na musamman.

Ina da ikon faɗar duk wannan, domin taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yawo ba wando nake tsokanarsa yana ramawa, kuma har yau da furfura ta cinye mu ba wanda ya gaji. Kowa na kiransa Malam Zakariyya. Ni Zakari nake ce masa, shi kuma ya ce mini Ɗahiru Tumbi.

Garinmu ƙaramin gari ne a ƙasar Zurmi, a bakin gulbi. Gero da dawa muke nomawa da damina, da rani mu sauka fadama mu yi albasa da tumatir. Zakari ma haka ya taso, ba abin da ya bambanta shi da sauranmu sai abin da ya faru ranar da mahaifinsa ya rasu. Tsakiyar damina ce, shi kuma yana sabon aure. Aka yi wa mamaci wanka, aka sa shi a likkafani, aka sallace shi, aka kai shi maƙabarta. Kabari ya haƙu, sai aka duba babu itacen da za a jera a bakin ɗan ramin ciki kafin a mayar da ƙasa. Kowa ya zaci wani ya kawo. Maza suka bazama daji da gatura ana yayyafi, gawa na ajiye ƙarƙashin bishiya an lulluɓa mata tabarma. Zakari na tsaye a kanta. Kwana bakwai na cika ya ɗauki gatari, kuma tun daga lokacin ba a sake neman itacen kabari an rasa a garinmu ba.

Ya kafa 'yar rumfa a gefen maƙabarta. Marke da ƙirya yake nema, masu taurin da gara ba ta saurin ci, ya sare su daidai da kamun hannunsa, ya jera su kan duwatsu don kada danshi ya taɓa su. Ba ya karɓar ko sisi. To amma kada wannan ya sa ka ɗauka mai sakin hannu ne. Zakari marowaci ne na ƙin ƙarawa. Mutumin da ya ci rani guda yana zagaya kasuwanni kafin ya sayi jaki, har mai jakin farko da ya taya ya rasu, magada suka sayar masa. Goro ɗaya yakan kai shi Juma'a biyu. Matarsa Fatimatu ta ce tun da ta zo gidan ba ta taɓa ganin ya yar da igiya ba, sai dai ya ƙulla ta da wata.

Babbar rowarsa kuwa ta lada ce. Idan ka gan shi ya ɗauko itace a kafaɗa ka ce bari ka kama masa, sai ya juya maka baya. "Bar shi, nauyi garai," in ji shi, kamar ba nauyin ne ya sa ka yi tayin ba. Wani Alhaji na garinmu ya taɓa aiko da amalanke guda na itace sadaka. Zakari bai iya mayarwa ba, amma ya jera su can gefe daban, ya yi mako yana cin magani. Na ce masa ladan Allah ba tuwon gidansa ba ne da zai ƙare in an yi baƙi. Ya ce ya sani, amma dai kowa ya nemi ƙofarsa.

Sai zamani ya juya mana. Daji ya zama ba na shiga ba. Wanda ya yi nisa da gari da gatari, iyalinsa ba sa cin abinci sai sun ga dawowarsa, wani kuma ba ya dawowa. Itacen girki ya yi tsada, bishiyoyin cikin gari duk aka yi musu aski. Ga mutanen ƙauyukan da aka tasa sun taru a wurinmu, gari ya cika, mutuwa ta yawaita. Wannan ba abin wasa ba ne, kuma ko ni da bakina ba ya rufuwa nakan yi shiru in na tuna. Rumfar Zakari ta fara ramewa. Wata rana ya je jana'iza wani gari kusa da mu, ya ga an rufe dattijo da tsohon kwanon rufi da ɓallen benci. Ya dawo bai ci tuwon dare ba. Washegari ya same ni a ƙofar gida ya ce, "Ɗahiru, in dai ina numfashi, ba a ruhe kowa da kwano garin ga." Bai ƙara da Tumbi ba, shi ya sa na san maganar ta kai masa har zuci.

Daminar bara, abin da ya rage a rumfar bai fi a rungume shi a hannu biyu ba. Sai aka yi wani ruwa mai ƙarfi can sama, gulbi ya kawo, ya tumɓuko wata ƙatuwar ƙirya daga inda Allah kaɗai ya sani, ya zo ya maƙale ta a tudun yashi ƙasa da mashigi. Rabinta a ruwa, rabinta a sama, rassa kamar cinyoyin maza. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. A al'adarmu itacen da ruwa ya kawo na wanda ya fara sa masa alama ne. Masu neman na girki suna ta shirin shiga, sai ga Zakari ya riga su, ruwa har ƙirji, ya ɗaura wa babban reshe farin ƙyalle, ragowar likkafani. Ba wanda ya sake kallon ƙiryar nan da sha'awa. Wace mace za ta dafa tuwo da ita?

Alama dai ta hana mutane, amma ba ta hana gulbi. Kowa ya san ruwa na gaba mai ƙarfi zai ɗauke ta ya wuce. Zakari ya shiga da gatari. Ƙirya ko a tudu sai namiji, balle jiƙaƙƙiya, kana tsaye a yashi mai zamewa, rabin saran yana faɗawa cikin ruwa. Ya yini ya fito da reshe ɗaya da ciwon baya. Fatimatu ta gasa masa bayan da ruwan zafi tana faɗa. Na ce ya bari a yi gayya, matasa su shiga da gatura. Ya dube ni kamar na ce ya raba gonarsa. Da safe sai ga shi da ragonsa a igiya, wai sayar da shi zai yi ya sayi inji, irin mai sarƙar nan da masu katako ke yanka itace da shi.

Muka fara da Kaura. Ya shiga shago, aka faɗa masa kuɗi, ya fito yana salati kamar an yi masa rasuwa. Ya ce ai Shinkafi kaya sun fi sauƙi. Na ce kuɗin motar fa? Ya ce ni zan biya nawa. Ranar Alhamis muka bi motar safe, don yanzu ba mai son la'asar ta same shi a hanya.

A layin masu injuna muka sami wani matashi, Imrana, da kaya jere a kan tebur da ƙasa. Zakari bai yi wata-wata ba ya ce a nuna masa mafi araha. Imrana ya ɗauko wani ɗan madaidaici mai doguwar waya, ya faɗi kuɗinsa. Fuskar taubashina ta washe, rabon da in ga haƙoransa haka tun ranar sunan ɗansa na fari.

"Baba, ina za a yi aikin?" in ji Imrana.

"Cikin gulbi. Icce na ruwa ya kawo, rabinai na ciki."

Imrana ya janye injin daga hannunsa a hankali. "Wanga na lantarki na. Akwai wuta gulbin naku?"

"Ko gari babu," na ce.

"To ko da akwai, Baba, in kash shiga ruwa da wanga, kai za a hwara ruhewa da iccen."

Na yi dariya har na riƙe tebur. Zakari ya ce yaron ba shi da kunya, amma ya saki wayar. Aka kawo na batir. Shi ba ya kashe mutum, in ji Imrana, ana cajinsa da sola, sai dai ƙarami ne, na gyaran mangwaro da rassan lambu, in ya haɗu da ƙirya kafin ya gama reshe biyu ya yi barci. Ya kunna shi, ya yi 'yar ƙara siririya. Zakari ya girgiza kai ya ce abin da ba shi da murya ba shi da ƙarfi. Akwai kuma wani babba na hannu, wanda ya sha aiki a kudu, irin na masu katako na gaske. Imrana ya ce wannan shi ne inji, zai yi shekaru. Zakari ya ɗaga shi da ƙyar, ya ji kuɗinsa, ya ajiye shi da sauri fiye da yadda ya ɗauka.

Saura ɗaya, sabo a kwali, ja, mai shan fetur, ɗan China. Nan Zakari ya tsuguna ya fara abin da ya iya, wato sayen dabba. Ya bi haƙoran sarƙar ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Ya ɗaga shi ya jijjiga ya ji ko wani abu na motsi a ciki. Ya kifa shi ya duba cikinsa. Ya shinshina shi. Ya sa aka tayar, ya karkata kunne yana sauraro, ya ce a kashe a sake tayarwa, don dabba mai ciwo a tashi na biyu ake gane ta. Saura kaɗan ya ce a zagaya da shi ya ga tafiyarsa. Na ce masa araha ba ta ado. Ya ce shi ba ado ya zo saye ba.

Imrana yaron kirki ne, bai ɓoye masa komai ba. Ya ce babu injin da aka yi don ruwa a duk kasuwar nan, amma wannan zai yi in an kiyaye. Dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa, wanda ya kira takobi, yana iya nutsewa ba komai. Kan injin ne ba ya son ruwa. Ya buɗe murfin sama ya nuna masa soson da iska ke bi, da fulogi.

"Nan na hancinai, Baba. Bakinai shi sha ruwa yadda shika so, amma in hanci yas sha, ya mutu. Kuma iccen gulbi yashi garai, shina cin haƙora. Ka riƙa sarƙa ta biyu da magagari. In kag gama ka share shi, ka shahwa mai, in ba haka ba tsatsa ta kama shi kahin sahe."

Duk wannan Zakari ya saurara, yana gyaɗa kai, don sabon karatu ne. Sai Imrana ya nuna murafu biyu a gefen injin ya ce, "Sai maganar mai. Wanga tankin..."

"Tsaya nan, yaro." Zakari ya ɗaga hannu. "Tanki biyu na, ko? Guda na hetur, guda na baƙin mai. Tun ba a haihe ka ba nika tada injin ban-ruwa hwadama. Kada ka koya min abin da nis sani, rage min kuɗi dai."

Imrana ya sake buɗe baki, Zakari ya sake rufe masa da ciniki, ga wasu masu saye sun matso. Aka yi ta ja har rana ta take. Da aka daidaita, Imrana ya sa sarƙa da magagari a kwalin, ya ɗago wata 'yar farar gora mai zane-zane a jiki ya ce wannan ta awo ce, kada ya yar. Zakari ya ɗauka gyara ce. Muna isa gida ya miƙa wa Fatimatu, ya ce ga tsaraba. A iya sanina ita ce tsarabar farko da ya taɓa kawo mata daga Shinkafi, ta kuwa zuba man gyaɗa a ciki.

A garinmu ba gidan da ba a san injin ban-ruwa ba. Mun san fetur wurinsa daban, baƙin mai wurinsa daban, kuma wanda ya bari suka haɗu ya kashe inji. Yaro ma ya san wannan. Don haka da Zakari ya tsuguna a bakin gulbi washegari da hantsi, ya cika tanki ɗaya da fetur zalla, ɗayan da baƙin mai, duk manoman da ke tsaye sun ga daidai ya yi. Har wani ya ce a kula kada ɗigo ya faɗa wancan.

Gari ya fito kallo. Ya tuɓe riga, ya ɗaure wando da igiya, ya ɗora injin a ka ya ratsa ruwa har tudun yashin. Ya yi bisimilla ya ja igiya. Injin ya ɗauka da wata ƙara da ta tashi balbelu daga fadama. Ya kafa takobin a reshe, ruwa har ƙugunsa, kan injin a sama yana kare shi kamar jariri. Kafin ka ce kwabo reshe ya faɗi. Wanda gatari ya yini a kan irinsa! Mutane suka ɗauki kabbara. Ya juya kan wanda ke nutse, takobi ya shiga ruwa, ruwa da garin itace suka yi tsiri suka wanke masa fuska, bai ko share ba. Ban taɓa ganin Zakari cikin farin ciki irin na wannan lokaci ba, kuma na ji daɗi har raina, ko da yake ban gaya masa ba.

Yana kan reshe na gaba muryar injin ta canza. Ta yi sama, ta siranta, ta shaƙe, sai tsit. Ya ja igiya, igiya ta ƙi fitowa. Ya sake ja da ƙarfi har ya kusa zama cikin ruwa. Ya duba hancin, a bushe yake. Daga bakin gaɓa masana suka fara ba da fatawa, wani ya ce fulogi, wani ya ce sanyi ne ya kama shi a shanya shi a rana. Zakari ya fito da inji a ka, yana zafi kamar dutsen guga, yana ambaton Imrana da abin da ba zan rubuta ba.

Kaura ta fi kusa, can muka kai shi wurin wani makanike, Yazid. Ya kwance kan injin, ya leƙa, ya buɗe tanki ya zuba kaɗan a tafin hannu ya duba.

"Baba, wa yaz zuba hetur ɗin ga?"

"Ni. Mai kyau na, ba gauraye."

"Shi na matsalar, ba gauraye." Yazid ya yi bayani. Irin wannan inji ba kamar na ban-ruwa ba ne. Ba shi da wurin ajiye mai a cikinsa, a cikin fetur ake haɗa masa nasa man, shi ke sa fistin, ƙarfen da ke kai da komo a ciki, ya zame. Tanki na biyu na sarƙa ne kawai. An ba shi fetur zalla, ya yi gudu a bushe, fistin ya narke ya manne. "Ba su ba ka wata 'yag gora ta awo ba?"

Zakari ya dubi ƙasa. Ni kuwa na dubi sama, don in na dube shi ba zan iya riƙe dariya ba.

Yazid ya ce zai gyaru, amma sai an aiko da kayan daga Gusau, a ba shi 'yan kwanaki. Jin kuɗin gyara, Zakari ya zauna a kan benci ba tare da an ce ya zauna ba. Na ce zan sa hannu. Ya ce a'a, akwai akuya. Ko a nan bai yarda a raba ladan ba.

Karɓo gorar nan wurin Fatimatu shi ma yaƙi ne. Ina zaure ina ji.

"Malam, shekara nawa ina gidan ga, tsaraba guda kak kawo, ita ma ka zaka amsa?"

"Aro na. Ta inji ta."

"To inji shi zo shi yi maka miya."

Ta dai juye manta a kwalba ta ba shi, amma sai da ta sa ya yi alkawarin atamfa da bakinsa, ni ne shaida.

Kwanakin jiran nan ba su yi wa Zakari daɗi ba. Kullum da safe yana bakin gulbi yana duba inda ruwa ya kai a jikin ƙiryar, da yamma yana duban gabas. Ana cikin haka wata tsohuwa daga cikin mutanen da suka yi hijira zuwa garinmu ta rasu. Kwana biyu tsakani, wani magidanci ya bi ta. Abin da ke rumfa da rassan da injin ya samu yankewa duk suka tafi. A kabari na biyu sai da aka buɗa tsakanin itatuwan, aka cike da ganye da yawa kafin a sa laka. Liman ya ce ya wadatar, ba laifi. Zakari na tsugune a bakin kabarin yana gyara jerin da hannunsa, yana matsar da wannan yana mayar da wancan, ko za su rufe. Ba su rufe ba. Da aka watse na bi ta rumfar, ba komai a kan duwatsun.

Ranar da Yazid ya aiko cewa inji ya tashi, hadari ya haɗu tun muna Kaura. Yazid ya haɗa masa fetur da mai a gorar a gabansa, ya sa ya maimaita da hannunsa, Zakari ya yi ba gardama kamar ɗan makaranta. A hanyar dawowa ruwa ya tsuge. Ya cire babbar rigarsa ya naɗe injin, shi ya zauna a jiƙe. Aka yi ta yi har gari ya waye.

Da sassafe ya biyo mini, inji a ka. Tun kafin mu kai muka ji gulbi yana magana. Ya cika ya batse, ja wur, ya haye tudun yashin, ya shiga gonakin bakin gaɓa. Inda ƙiryar take ba komai sai ruwa yana juyawa. Zakari ya tsaya. Bai sauke injin ba. Tun a hanya na tanadi maganar da zan soka masa, kan mutumin da ya sayar da rago da akuya ya sayi kallon gulbi. Na dubi fuskarsa, maganar ta koma ciki. Tausayinsa ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba duk zamanmu.

Mun daɗe a tsaye. Can ya ce, "Allah ya kai ta ga masu bukata." Ya juya, na bi shi.

A ƙofar gidansa akwai dogon yaro. Mahaifiyarsa ce ta dasa shi da hannunta, kuma a duk garin shi kaɗai ya tsira da kansa, don Zakari bai taɓa bari a karyi ko asuwaki a jikinsa ba. Nan dattawan unguwa muke zama daga azahar zuwa la'asar, nan ake ɗaurin auren 'ya'yansa, nan yake kishingiɗa in baya ya dame shi. Ya sauke injin a gindinsa, ya ce in kawo tsani.

"Zakari, mi za ka yi?"

"Tsani nic ce, Tumbi."

Fatimatu ta leƙo daga zaure, ta ga inji, ta ga inda yake kallo. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta koma ciki ta kwashe shanyarta daga jikin katanga, ta kore kaji.

Ya hau. Na riƙe tsanin, kuma wannan karon bai ce in bari ba. Injin ya tashi da ja ɗaya, muryarsa garau. Reshe na farko ya faɗo, ƙasa ta amsa. Maƙwabta suka fito, ba wanda ya yi kabbara. Ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya, manya da matsakaita, yana saukowa ya huta ya sake hawa, har bishiyar ta koma gungume tsaye, rana ta sauka a ƙofar gidan da ba ta taɓa sauka ba tun muna samari. Sannan ya bi su a ƙasa yana aunawa da kamu yana yankewa. Ganyen ma bai bari ba, ya ce a tara.

Liman ya iso ana cikin ɗaure itacen. Tsoho ne, kuma ya fi kowa son inuwar nan. Ya tsaya ya dubi gungumen, ya dubi tabarmarsa da ke jingine a bango.

"Malam Zakariyya, yanzu mu ina za mu zauna?"

Zakari ya ɗaga dami ɗaya ya ɗora a kafaɗa, gumi na zuba, garin itace a gemunsa.

"Allah gafarta Malam, ku masu rai na. In rana tad dame ku, kuna iya tashi ku nemi wata inuwa."

Ya kama hanyar maƙabarta. Liman ya bar tabarmarsa a jingine. Ya sunkuya ya ɗauki itace guda biyu, ni ma na ɗauki abin da tumbina ya bari, muka bi bayansa. Ya ji takunmu, ya waiwayo ya gan mu. Na jira ya ce mu ajiye, nauyi gare su. Ya dai gyara daminsa a kafaɗa, ya rage sauri don mu cim masa.